Neman John Ezzidio daga Sakkwato: yadda hidimar kwafin takardun Kew take aiki, da inda take cin kuɗi a banza

Duk ɗalibin tarihi a Sakkwato ya san inda zai dosa idan aikinsa a kan gida ne. In Daular Usmaniyya ce, zai fara da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan cikin gari. In Lardin Sakkwato ne bayan 1903, zai hau motar Kaduna ya nemi fayilolin lardin, waɗanda ake kira Sokprof, a gidan adana takardun gwamnati. Amma akwai aikin da Kaduna da Ibadan ba su ƙosar da shi, wato tarihin baƙaƙen fatar da suka zauna a majalisun dokokin Turawa a ƙarni na 19, a Freetown da Legas da Gwalkwas (Gana ta yau). Kaso mai yawa na takardun da suka shafe su yana Kew, a yammacin Landan, a babban gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya. Gidan yana da kundin bincike a intanet mai suna Discovery, yana kuma ɗaukar hoton takarda ya aiko wa wanda ya biya. Waɗannan biyun za mu auna a nan, kuma da mutum guda za mu auna su: John Ezzidio, ɗan Afirka na farko da ya shiga Majalisar Dokokin Saliyo.

Ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Ezzidio Banufe ne. An haife shi wajen 1810, aka sace shi yana yaro, aka sayar da shi zuwa ƙasar Yarbawa, daga can aka sa shi a jirgin bayi mai nufin Burazil. Jirgin yaƙin Birtaniya ya tare su a teku, aka sauke shi a Freetown a 1827. A shekarar nan ce matafiyin Birtaniya Clapperton ya rasu a Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan ya ratsa ƙasar Nufe a 1826 ya tarar da ita cikin yaƙin sarauta, yaƙin da malamin Fulani Malam Dendo ya ƙare da rinjaye a cikinsa. Saboda haka labarin Ezzidio ba na wata duniya ba ne. Reshe ne na abin da ya faru a kudancin daular nan, ɓangaren da ke ƙarƙashin Gwandu.

A Freetown an ba da shi koyon aiki ga wani Bafaranshe mai kanti, wanda ya sa masa suna Isadore, bakin mutane ya juya shi ya koma Ezzidio. Ya koyi karatu da rubutu, ya tara jari, ya buɗe kantinsa. A 1842 wani ɗan mishan na cocin Methodist, Thomas Dove, ya kai shi Ingila ya haɗa shi da manyan dillalai, daga nan ya riƙa yin odar kaya kai tsaye ba tare da bi ta hannun Turawan Freetown ba. Ya zama magajin garin Freetown a 1845. A 1863, zamanin Gwamna Blackall, aka raba tsohuwar majalisar gwamna gida biyu, ta zartarwa da ta dokoki, aka ce 'yan kasuwa su fitar da mutum guda. Suka yi ƙuri'a a ƙarshen shekarar, Ezzidio ya kayar da wani ɗan kasuwa Bature. Ya rasu a 1872. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, kuma ana samunsa a littattafai. Abin da ake zuwa Kew nema shi ne naman da ke jikin ƙashin: me gwamna ya rubuta wa Landan game da zaɓen, me Landan ta amsa, ranar da ya fara zama, dokokin da aka karanta yana wurin, inda ya yarda da inda ya ƙi.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne, hidimar tana da kyau ƙwarai ga wanda ya zo da lambar takarda a hannunsa, kuma asara ce ga wanda ya zo da suna kawai.

Discovery kyauta ne, ba ya da nauyi, yana buɗewa ko a waya. Yana ɗauke da bayanin takardu sama da miliyan 30, na Kew da na wasu gidajen ajiya da ke warwatse a Birtaniya. Kuskuren farko da kusan kowa yake yi shi ne ɗaukarsa kamar Google. Mutum ya rubuta Ezzidio a akwatin bincike, ya ga abu kaɗan ko ya ga babu, ya ce ai babu komai a kansa. Akwai. Matsalar ita ce kundin ba ya karanta cikin takardu, bayanin da ma'aikata suka rubuta game da su kawai yake dubawa. Wasiƙun gwamnoni kuwa an ɗinke su ne mujalladi mujalladi, kuma bayanin mujalladi sau da yawa bai wuce kalma ɗaya da watanni ba, misali wasiƙun gwamna daga wata kaza zuwa wata kaza na 1863. Mujalladi guda yana iya ɗaukar ganye ɗari uku ko biyar, sunan mutuminka yana ciki sau goma, kundin bai sani ba.

Don haka da lambar jeri ake shiga. Kowace ƙasar mallaka tana da nata jerin a ƙarƙashin haruffan CO, wato Ofishin Mulkin Mallaka. Na Saliyo ga su: CO 267 shi ne wasiƙun asali da suka isa Landan, kuma shi ne uwa. CO 268 littattafan da ake kwafe wasiƙun da suka fita daga Landan. CO 269 dokokin da aka kafa. CO 270 bayanan zaman majalisa. CO 271 gazet ɗin gwamnati. CO 272 ya ƙunshi shuɗin littafi na shekara shekara, inda ake jera kuɗin shiga da kuɗin fita da sunayen ma'aikata da na 'yan majalisa tare da ranar naɗin kowa. Sai CO 368, rajistar wasiƙu, wadda ta fara daga 1849. A sashen bincike mai zurfi na Discovery akwai gurbin sa lambar jeri da gurbin sa shekaru. Ka sa CO 267, ka sa 1863 zuwa 1864, mujalladan shekarun za su fito a jere, kowanne da lambarsa bayan alamar /.

Wanda ya ga PRO a gaban waɗannan lambobin a tsofaffin littattafai kada ya rikice. Tsohon sunan gidan ne kafin 2003, lambobin ba su canza ba. Wannan ma shi ne hanya mafi arha ta samun lamba: littafin tarihin Saliyo na Christopher Fyfe, na 1962, ya jera madogararsa a ƙarshe, kuma da yawa cikinsu lambobin CO 267 ne da ranar wasiƙa. Awa biyu da wannan littafin a laburare sun fi kwana uku na lalube a intanet.

Yadda aka tsara CO 267 yana da muhimmanci, domin a nan kuɗi yake zubewa. Wasiƙun kowace shekara kashi uku ne. Na farko waɗanda gwamna ya aiko, an rubuta musu Despatches, an jera su bisa ranar da aka rubuta su a Freetown, ba ranar da suka isa ba. Na biyu waɗanda wasu ma'aikatun Landan suka aiko, kamar baitulmali da ofishin sojan ruwa, su ne Offices. Na uku na ɗaiɗaikun mutane, Individuals, an jera su bisa harafin farko na sunan mai wasiƙa. Mai neman Ezzidio zai yi zaton kashi na uku ne nasa, a harafin E. Galibi ba haka ba ne. Ƙa'idar ofishin ita ce mazaunin ƙasar mallaka ba ya rubuta wa Sakataren Mulkin Mallaka kai tsaye, sai ta hannun gwamna. Koke ko takardar ƙorafi daga ɗan majalisa a Freetown za ta zo ne a naɗe cikin wasiƙar gwamna, tare da ra'ayin gwamnan a kanta. Wanda ya biya aka duba masa harafin E aka ce babu, ya biya kuɗin duba wurin da bai kamata ba.

Kowace wasiƙar gwamna tana da lamba, tana kuma da sassa huɗu idan ta cika: wasiƙar kanta, abubuwan da aka haɗo da ita, takardar sharhi da ma'aikatan Landan suke rubuce-rubuce a kai tana hawa daga akawu zuwa sakatare, sai daftarin amsa. A ganinmu takardar sharhin nan ta fi komai daraja a cikin jerin baki ɗaya. Gwamna yana rubutu ne da sanin za a karanta, yana gyara fuska. Ma'aikatan Landan kuwa junansu suke wa magana, a gajarce, ba kunya. A nan ake ganin yadda suka ɗauki zaman baƙar fata a majalisa, da yadda suka tsaya a kan cewa kujerar naɗi ce daga sarauta ba wakilcin waɗanda suka yi ƙuri'a ba. Sakataren lokacin shi ne Duke na Newcastle, Edward Cardwell ya gaje shi a 1864, saboda haka sa hannun da ke ƙarshen sharhin yana sauyawa a tsakiyar labarin. A kuma tuna jirgin wasiƙa yana ɗaukar makonni tsakanin Freetown da Ingila. Abin da ya faru a Disamba 1863, amsarsa ta farkon 1864 ce.

Yanzu ga hidimar kwafin kanta. Matakai biyu ne, biya biyu. Ka buɗe asusu da imel. Ka shiga shafin mujalladin da kake so, ka danna maɓallin neman kwafi. Za a ba ka akwatin da za ka bayyana abin da kake nema, sannan ka biya kuɗin farko, na duba shafi. Ma'aikaci zai ɗauko mujalladin, ya nemo abin da ka bayyana, ya ƙirga shafukan, ya ga ko takardar za ta jure ɗaukar hoto. Bayan wasu kwanakin aiki imel zai zo da yawan shafukan da farashinsu. In ka yarda ka biya na biyu, ka sake jira, a aiko maka da mahaɗin da za ka sauke hotunan. Kuɗin farko ba ya dawowa ko an samu ko ba a samu ba, kuma na mujalladi ɗaya ne. Mujalladi huɗu, biya huɗu.

Abin da aka rubuta a akwatin bayanin nan shi ne rabin aikin. Ma'aikacin ba bincike zai yi maka ba, kuma gidan bai ɓoye hakan ba. Wanda ya rubuta yana son duk abin da ya shafi John Ezzidio, amsar da zai samu ita ce buƙatar ta yi faɗi, ko a ƙirga masa mujalladin gaba ɗaya a ba shi farashin da zai sa ya rufe kwamfuta. Bayanin da yake aiki shi ne irin wannan: wasiƙar Gwamna Blackall mai lamba kaza, ta ranar kaza, da duk abin da aka haɗo da ita, da takardar sharhi, da daftarin amsa, gaba da baya. Kalmomin ƙarshen nan ba ado ba ne. A wasiƙun wancan zamani sau da yawa a bayan ganyen ƙarshe ake rubuta sharhin, wani lokaci a kusurwar da aka naɗe. In ba ka ambata ba, kana iya samun maganar gwamna ka rasa amsar da aka ba shi.

To ina za a samu lambar wasiƙa da ranarta in littafi bai bayar ba? A rajista. CO 368 tana jera kowace wasiƙa da ta shigo: ranar rubutawa, ranar isowa, lamba, wanda ya aiko, taƙaitaccen abin da ta ƙunsa, da abin da aka yi a kai. Shafukan wasiƙun gwamna na 'yan watanni ba su da yawa, kuma su ne abin da ya kamata mutum ya fara saya. Da su a hannu za ka zauna a ɗakinka a Mabera ko Runjin Sambo ka ja layi ƙarƙashin wasiƙu biyar ko shida da suka ambaci majalisa, ka bar sauran. Rajistar tana kuma nuna takardun da aka lalata bisa doka, an buga musu hatimi, don kada ka biya a nemo abin da babu shi. Akwai wata dabarar: da yawa daga mujalladan tsakiyar ƙarnin suna da fihirisa a ƙarshensu, ganye kaɗan, ana iya neman hotonta ita kaɗai. Shekarun da suka gabaci 1849, kamar 1845 da ya yi magajin gari, sai a bi ta fihirisan CO 714.

Hotunan da ake aikowa masu kala ne, kuma suna da kyau. Ana iya faɗaɗa su har a ga bambancin tawada da fensir, abin da tsohon maikurofim ba ya nunawa. Aibinsu daga takardar yake. Mujalladan an ɗinke su tamau, ba sa buɗewa sosai, saboda haka kalmar ƙarshen layi a shafin hagu da ta farkon layi a shafin dama sukan shige cikin ɗinkin. Wasu wasiƙun an yi su a siririyar takarda, rubutun baya yana fitowa ta gaba. Hannun akawun Freetown yawanci a fili yake, ɗalibin da ya saba da rubutun haɗe zai karanta shi cikin kwana biyu. Hannun manyan Landan shi ne azaba, ga gajarta kalmomi, ga sa hannu da haruffa biyu. Abubuwa kaɗan suna rage wahalar. Inda aka rubuta inst ana nufin watan da ake ciki, ult kuwa watan da ya wuce. Harafin s na farko a cikin biyu a jere yana kama da f. Kuɗi kuma fam da sule da kwabo ne, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, lissafin da duk dattijon da ya yi ciniki a kasuwar Sakkwato kafin 1973 zai yi maka da ka. A kusurwar sama ta kowane ganye akwai lambar da aka buga da hatimi, ita ake kawowa a madogara, ba lambar da akawu ya rubuta da hannu ba.

Bayanan zaman majalisa, CO 270, su ne inda mai karatu yake zuwa da babban buri ya koma da ƙarami. Kada a zaci irin rahoton majalisar yau ne, inda ake rubuta abin da kowa ya faɗa. Magatakarda yana rubuta ranar zama, waɗanda suka halarta, dokar da aka karanta karo na ɗaya da na biyu da na uku, wanda ya kawo shawara da wanda ya goya masa baya, wani lokaci da yadda ƙuri'a ta rabu. Jawabi ba ya shiga sai ɗan majalisa ya nemi a rubuta rashin amincewarsa. Duk da haka akwai abin tsinta ga mai haƙuri. Jerin masu halarta kaɗai yana nuna yanayin wurin: gwamna a kujerar shugaba, babban alƙali, lauyan Sarauniya, sakataren mulki, kwamandan soja, dukansu ma'aikatan gwamnati, sannan 'yan kasuwa ɗaya ko biyu a gefe. Ko da waɗannan sun haɗa kai ba za su kayar da doka ba. Wanda ya ƙirga zama nawa Ezzidio ya halarta a shekara, da lokutan da sunansa ya fito a kan maganar haraji ko kasafin kuɗi, ya samu abin da zai gina babi a kai. Shawararmu ita ce a sayi na shekara ɗaya tukuna a ga yanayinsa kafin a yi odar na shekaru bakwai.

A nan ne iyakar hidimar take, kuma ba laifin ma'aikatan ba ne. Takardun Kew idon ofis ne. Suna nuna Ezzidio a lokacin da ya zama abin magana ga gwamna, ba sa nuna shi a kantinsa ko a kan mumbarin coci, alhali mai wa'azi ne a cocin Methodist, kuma rigimar da ta dagula ƙarshen rayuwarsa, da shugaban mishan Benjamin Tregaskis ya yi ta. Wannan ɓangaren yana cikin takardun mishan ɗin Methodist da ke laburaren SOAS, makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Discovery zai nuna maka suna can, amma hidimar kwafin Kew ba ta kai gare su, sai ka rubuta wa SOAS daban. Abin da ya rage a Freetown kuwa yana gidan ajiyar Saliyo a harabar Kwalejin Fourah Bay, kuma Laburaren Birtaniya ya ɗauki hoton wani kaso na takardunsa na ƙarni na 19 ya sa a intanet kyauta, a ƙarƙashin shirinsa na ceto takardun da ke cikin haɗari. A duba wannan kafin a kashe ko sisi.

Wanda zai yi irin wannan aikin a kan ɗan majalisar Legas, kamar Rabaran James Johnson da aka naɗa a 1886, jerinsa CO 147 ne ga wasiƙu, CO 149 ga zaman majalisa. Tarkon da ke nan shi ne Legas ba ta tsaya da ƙafarta ba duk tsawon lokacin. Daga 1866 zuwa 1874 tana ƙarƙashin babban gwamna da ke Freetown, daga 1874 zuwa 1886 tana haɗe da Gwalkwas, don haka sai an leƙa CO 96 ma. Kuma kada wani ya ɓata lokaci yana neman ɗan majalisar Turawa daga Arewa a wannan ƙarnin. Babu. Sakkwato tana da sarautarta da waziranta har 1903, kuma wakilan Arewa ba su zauna a Majalisar Dokoki ta Najeriya ba sai da tsarin mulkin Richards ya fara aiki a 1947. Abin da Kew take da shi a kanmu na ƙarni na 19 rahoton matafiya ne da 'yan aike, irin takardun Clapperton da ke CO 2.

Maganar biya daga Sakkwato tana bukatar shiri. Da fam ake biya, da kati. Katin naira ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, kuma bankuna suna sa iyaka a kan abin da za a kashe da shi, iyakar tana sauyawa. A tambayi banki kafin a fara, ko a yi amfani da katin asusun dala, ko na ɗan'uwa da ke waje. Abin lura shi ne biyan biyu ne, akwai kwanaki tsakaninsu, kuma farashin da aka ba ka ba ya jira har abada. In katin ya wuce a na farko ya ƙi a na biyu har wa'adin ya cika, kuɗin duba shafi ya tafi. Haka mahaɗin saukewa, shi ma yana da wa'adi. Hotunan suna da nauyi: in kowanne ya kai megabayit 5, shafi 200 gigabayit ɗaya ke nan. A sauke su da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, da cajin kwamfuta a cike, a kuma ajiye su wuri biyu nan take, filas da ma'ajiyar intanet. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga wa na'ura a garin nan. Sunan da hotunan suke zuwa da shi lambobi ne kawai, a sake musu suna da lambar mujalladi da ta ganye tun ranar farko, in ba haka ba bayan wata uku ba mai gane wace wasiƙa ce wace.

Idan abin da ake bukata ya haura shafi ɗari biyu ko uku, hidimar ta daina zama mai arha. Shiga ɗakin karatu a Kew kyauta ne, katin mai karatu kyauta ne, ana buɗewa Talata zuwa Asabar, kuma an yarda mutum ya ɗauki hoto da wayarsa muddin bai kunna fitila ba. Ɗalibinmu da ke karatu a Landan zai iya ɗaukar mujalladi guda a wuni ɗaya. Gidan yana kuma da jerin masu bincike masu zaman kansu da ake biya bisa awa. Ga ɗalibin digiri na farko mai rubuta kundin kammalawa, ba mu ga dalilin kashe wannan kuɗin ba, littattafai da abin da ke intanet kyauta sun ishe shi. Ga mai digiri na biyu ko na uku, wasiƙu goma da aka zaɓa da kyau suna iya zama bambancin aikin da ya maimaita na wasu da wanda ya kawo sabon abu.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Takardun da gidan ya riga ya sa a intanet, waɗanda mai asusu yake saukewa kyauta, mafi yawansu na masu neman asalin danginsu ne a Birtaniya, wasiyyoyi da katunan lambar yabo na sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasiƙun Afirka ta Yamma ba su samu wannan gatan ba, wasu kuma an ba kamfanoni, sai jami'ar da ta biya kuɗin shiga take ganinsu. Sakamakon shi ne malamin jami'a a Dundaye yana biyan fam kafin ya karanta abin da aka rubuta game da Banufe, a kan albashin naira. Wannan bai dace ba, kuma gyaransa ba mai wuya ba ne: ko rajistocin nan kaɗai aka sa a intanet, rabin kuɗin da ake asara zai tsaya.

Saura farkon labarin, yaron da aka sauke a 1827. A nan Kew ba ita ce tashar farko ba. Kusan mutum dubu 100 aka sauke a Freetown daga jiragen da aka kama tsakanin 1808 da farkon shekarun 1860, kuma akawuna sun rubuta su a rajista: lamba, suna, namiji ko mace, ƙiyasin shekaru, tsawo, a rajistoci da yawa har da bayanin tsagar fuska da ta jiki. Shafin SlaveVoyages ya tattara sunaye sama da 90,000 daga irin waɗannan rajistocin, kyauta, ana iya tace su da shekara da jirgi da tashar da aka ɗauko mutanen. Ba za a sami Ezzidio ko Isadore a ciki ba, domin daga baya ya samu sunan. Sunan yanka ne a rubuce, yadda kunnen akawu ya ji shi ta bakin tafinta. Nan ne Basakkwace ya fi masanin Landan kayan aiki. In ya karanta sunayen da ƙarfi maimakon da ido, zai ji Audu da Garba da Mamman da Adamu suna fitowa daga cikin baƙin rubutun Turanci, kuma bayanin zane shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan ba sai an fassara masa ba, ya san na Gobirawa ne. A tace da 1827, a ware jiragen da suka taso daga Legas da Badagiri da sauran tashoshin wannan gaɓar, a rubuta sunan kowane jirgi da ranar da aka yanke masa hukunci. Da waɗannan biyun ake komawa Discovery a nemi fayil ɗin shari'ar jirgin a FO 315, takardun kotun haɗin gwiwa ta Freetown, da rahoton da alƙalanta suka aika Landan a FO 84.